A Faransa Sai An Bincike Ka Kafin A Ba Ka Kare

Wata ranar Asabar da dare wayata ta yi ƙara, na duba sai na ga lambar Faransa ce. Ɗan yayata ne, wanda ke zaune a wani ƙaramin gari kusa da birnin Liyon shekara 11 ke nan, yana sana'ar gyaran famfo da bututun ruwa. Ko gaisuwa ba mu ida ba sai ya ce, "Kawu, don Allah ka taɓa jin inda aka tambayi mutum takardar albashi saboda kare?" Na ce masa ban taɓa ji ba, amma ya kwantar da hankalinsa ya ba ni labari.

Abin da ya faru shi ne, sau biyu cikin wata guda ɓarayi suna fasa motar aikinsa da dare suna kwashe masa kayan aiki. Da abin ya ishe shi sai ya ce bari ya nemi kare, kamar dai yadda kowane maigida zai yi a Maraɗi ko Damagaram. Wani maƙwabcinsa ya ce masa kada ya ɓarnatar da kuɗi wajen masu sayarwa, akwai gidan riƙon dabbobi a bayan gari cike da karnukan da ba su da iyayen gida. Ya saka igiya a mota, ya cusa kuɗi a aljihu, ya tafi da niyyar kafin azahar ya dawo da kare. Ya dawo da takardu biyu, igiyar kuwa yadda ya tafi da ita haka ya dawo da ita.

Ransa ya ɓaci ƙwarai, domin a ganinsa launin fatarsa da sunansa aka duba. Ya ce matar da ta karɓe shi ta yi masa tambayoyin da ko ranar da aka je nema masa aure ba a yi wa iyayensa irinsu ba. Da na kai musu ziyara bayan ƴan watanni, na ce ya kai ni wurin in gani da idona, kuma na tsaya na bi diddigin dokokin ƙasar game da wannan al'amari. Ganin cewa yawancinmu muna da ɗa ko ƙane a can, na ga ya dace in kawo wa masu karatu abin da na samo, don wanda zai shiga irin wannan gida ya san abin da ke jiransa.

DAGA INA KARNUKAN SUKE FITOWA?

Mai karatu ya san furiyar, inda ma'aikatan magajin gari ke kulle akuyar da ta shiga gonar mutane ko babur ɗin da ba shi da takarda. To, a Faransa doka ta wajabta wa kowace ƙaramar hukuma ta mallaki furiyar ta karnuka da kyanwoyi, ko ta yi yarjejeniya da wata da ke kusa. Karen da aka tsinta yana yawo can ake fara kai shi, a tsare shi kwanaki 8 na aiki ana cigiyar mai shi. In kwanakin suka cika ba wanda ya zo, doka ta ɗauke shi a matsayin yasasshe, sa'an nan likitan dabbobi ya duba shi, in ya ga lafiyarsa da halinsa sun yi, a miƙa shi ga wata ƙungiya mai gidan riƙo. Waɗannan gidaje su ne Faransawa ke kira refuge. Ban da na furiyar, akwai waɗanda masu su ke kawowa da hannunsu, da kuma waɗanda kotu ta ƙwace daga masu azabtar da su.

Babbar ƙungiyar da ta fi shahara a wannan aiki ita ce Société Protectrice des Animaux, wadda kowa ya fi sani da SPA. An kafa ta a shekarar 1845, kuma abin da ya fara damun waɗanda suka kafa ta shi ne dukan da ake yi wa dawakan amalanke a titunan Paris. A shekarar 1850 aka yi dokar da ake kira da sunan Janar Grammont, wadda ta hukunta mai cutar da dabbar gida a bainar jama'a. A 1903 ƙungiyar ta buɗe gidan riƙonta na farko a Gennevilliers, kusa da Paris. Gidajenta sun haura 60, kuma a shekarun 2022 da 2023 ta ba da riƙon dabbobi wajen 40,000 a kowace shekara. Bayan ita akwai ɗaruruwan ƙananan ƙungiyoyi masu cin gashin kansu, kuma a gidan ɗaya daga cikin waɗannan ne ɗan yayata ya je.

Abin da ke cika gidajen shi ne yasarwa. Ƙungiyoyin sun daɗe suna cewa dabbobi wajen 100,000 ake yasarwa a ƙasar kowace shekara, kuma abin ya fi muni a watannin Yuli da Agusta, lokacin da Faransawa ke tafiya babban hutu. Mutum ya sayi ɗan kwikwiyo lokacin Kirsimeti don ya faranta wa yara rai, kafin wata shida kwikwiyo ya zama ƙato, yana cin abinci kamar baƙo, yana tauna takalma, ga hutu ya zo ba inda za a ajiye shi. Sai a ɗaure shi a gindin itace a bakin hanya, a ja mota. Wasu kuma ba rashin imani ba ne, aure ne ya mutu, ko aiki ya ƙare, ko tsohuwa ta koma gidan tsofaffi inda ba a karɓar dabba.

Duk wanda ya fahimci wannan ya fahimci rabin tambayoyin da za a yi masa. Kowane kare da ke cikin kejin nan an taɓa yasar da shi sau ɗaya, kuma ma'aikatan gidan ba abin da suke tsoro kamar a dawo musu da shi karo na biyu, domin sun lura cewa duk dawowa sai ta ƙara lalata halin kare, ya ƙara tsoro ko faɗa, har ya kai matsayin da ba mai iya ɗaukarsa.

TAMBAYOYI KAMAR NA NEMAN AURE

Da muka shiga, haushi ne ya fara tarbar mu, sai warin maganin wanke daɓe. Kejuna ne a jere, kowane da allo a ƙofa ɗauke da sunan kare da shekarunsa da bayanin halinsa: wannan yana zama da yara, wancan ba ya jituwa da kyanwa, wancan kuma sai wanda ya taɓa kiwon kare. Yawancin masu aikin ƴan sa-kai ne, ba a biyansu ko tamma. Ba ka nuna kare ka ce a kwance maka shi. Kujera za a ba ka, a ba ka takarda ka cika, sa'an nan a zauna da kai.

Tambayar farko game da muhalli ce. Gidan bene ne ko na ƙasa? Hawa na nawa? Akwai tsakar gida? In akwai, an kewaye ta, kuma tsawon shingen nawa ne? Kare mai ƙarfi yana tsallake shingen da ya kai ƙirjin mutum ba tare da wahala ba. Wani abin lura a nan, tun shekarar 1970 dokar Faransa ta hana mai gidan haya ya rubuta cikin yarjejeniya cewa ɗan haya ba zai ajiye dabbar gida ba, muddin dabbar ba ta ɓarna kuma ba ta damun maƙwabta, ban da wani rukunin karnuka masu hatsari da za mu zo kansu. Duk da haka gidan riƙo zai tambaye ka ko haya kake, domin maƙwabtan da haushi ya hana barci suna iya tayar da mutum daga gida ko da doka tana bayansa.

Sai maganar lokaci, wadda ita ce ma'aikatan suka fi tsayawa a kai. Awa nawa karen zai yi shi kaɗai a rana? Wa zai fita da shi da safe da yamma? In za ku tafi hutu gida Afirka wata biyu, wa zai riƙe shi? Mu da muka tashi inda kare ke yawonsa a unguwa, ya ci a bola ya kwana a gindin rumbu, wannan tambaya tana iya ba mu dariya. Amma a can ba a sakin kare ya yi yawo, in aka sake shi furiyar zai kwana. Karen da aka kulle a ɗaki awa goma sha biyu ba abin da zai yi sai kuka da yagar kujeru, kuma da dama daga cikin waɗanda ake dawowa da su daga nan matsalarsu take farawa.

Ana tambaya su wa ke cikin gidan, yara nawa, shekarunsu nawa, ko akwai mai ciwon asma, ko akwai wata dabba. In kana da wani kare, sau da yawa za a ce ka zo da shi su shinshini juna a fili a ga yadda za su yi. Ana tambaya ko ka taɓa kiwon kare, in ka taɓa, ina yake yanzu, me ya kashe shi. Kuma ana so a ji daga bakin kowane babba na gidan cewa ya yarda. A kan wannan ɗan yayata ya fara tuntuɓe, domin da aka tambaye shi ko matarsa ta san ya zo, sai ya ce shi ne maigida.

Tuntuɓe na biyu shi ne da aka tambaye shi dalilin da ya sa yake son kare da inda karen zai kwana. Ya faɗi gaskiya, ya ce gadi yake so, kuma zai ɗaure shi da sarƙa kusa da mota. A wurinmu wannan ita ce amsar mai hankali. A wurinsu kuwa da wuya ka sami gidan riƙon da zai ba da kare don ya ƙare rayuwarsa a kan sarƙa. Dokar ƙasa ba ta hana ɗaure kare gaba ɗaya ba, amma wata ƙa'ida ta shekarar 1982 ta gindaya sharuɗɗa: sarƙa kada ta gaza mita 3, ko mita 2 da rabi in mai zamewa ce a kan waya, a yi masa ɗakin da zai kare shi daga ruwa da sanyi, in kuwa a killace za a sa shi, wurin kada ya gaza murabba'in mita 5 ga kowane kare. Ƙungiyoyin sukan wuce abin da doka ta ce, kuma suna da ikon yin haka, tun da karen nasu ne har sai sun sa hannu. Ba wanda yake da haƙƙin a ba shi, kuma suna iya cewa a'a ba tare da sun yi dogon bayani ba.

Da na saurari tambayoyin da kunnena sai na tuna yadda ake ba da kiwo a ƙauyukanmu. Matar da za ta ba da tunkiyarta kiwo ba ta miƙa wa duk wanda ya buɗe hannu. Sai ta san gidan, ta san ko suna da harawa, ta san abin da ya sami akuyar da aka ba su bara. Ba wanda ya taɓa kiran wannan wulaƙanci. Abin da ya sa na Faransa ya yi wa yaron ciwo shi ne, a tunaninsa kare bai kai darajar da za a yi wa mutum tambaya a kansa ba.

DOKAR KWANA BAKWAI

Takarda ta biyu da ya dawo da ita ba ta gidan riƙon ba ce, ta gwamnati ce. A ranar 30 ga Nuwamba 2021 aka kafa wata doka ta yaƙi da cutar da dabbobi, kuma daga 1 ga Oktoba 2022 duk wanda zai karɓi kare ko kyanwa ko zomo karo na farko, saye ne ko kyauta, sai ya sa hannu a takardar alkawari da sani. Takardar tana bayyana abin da dabbar ke bukata na ci da motsa jiki da magani, da nauyin kuɗin da zai hau kan mai ita tsawon rayuwarta, wanda ga kare yakan kai shekara 10 zuwa 15. Mutum zai rubuta da hannunsa cewa ya ɗauki alkawarin biya mata waɗannan bukatu. Sa'an nan ba za a miƙa masa dabbar ba sai bayan kwana 7 da ba shi takardar. Watau ko da amsoshinsa duka sun gamsar da matar nan, ba ta da ikon ba shi kare a ranar. Wannan bai sani ba, kuma da ya sani da rabin fushinsa bai taso ba. Mai dabara yakan karɓi takardar tun da wuri wajen likitan dabbobi, kwanakin su cika kafin ya je.

Dokar ta 2021 ta kuma hana sayar da karnuka da kyanwoyi a kantunan dabbobi daga 1 ga Janairu 2024, ta kuma tsananta hukuncin yasarwa. Wanda aka kama ya yasar da dabbarsa yana iya shan ɗaurin da ya kai shekara 3 da tarar Yuro 45,000, wajen sefa miliyan 29 da rabi ke nan. Tun 2015 ma kundin dokokin zamantakewa na ƙasar ya bayyana dabbobi a matsayin rayayyun halittu masu jin daɗi da jin zafi.

Takardun da ake nema ba su da yawa: katin shaida, takardar wuta ko ta haya wadda ba ta wuce wata uku ba, kuma a wurare da dama takardar da ke nuna abin da mutum ke samu. Ɗan yayata aikin kansa yake yi, ba shi da takardar albashi, ashe takardar lanho ma tana isa. Akwai kuɗin da ake biya, wanda ga babban kare yakan kama daga Yuro 200 zuwa 300, kwikwiyo ya fi haka, tsohon kare kuma a rage. Yuro 250 ya kai jika 164 na sefa, kuɗin rago mai kyau. Ba kuɗin saye suke kiransa ba, gudummawa ce, domin karen yana fitowa an yi masa allurar rigakafi, an ba shi maganin tsutsa, yawanci an dandaƙe shi, in karya ce an yi mata aikin hana haihuwa. An kuma saka masa wata ƴar na'ura mai girman ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata, a gefen hagu na wuya, mai ɗauke da lamba 15 da ke cikin rajistar ƙasa. Ranar da ka sa hannu, sunanka da adireshinka ne za su hau kan lambar. Daga ranar, in ya ɓata kai za a kira, in ya ciji wani kai za a tuhuma.

Masu neman karen gadi su lura da wani abu kuma. Dokar 6 ga Janairu 1999 ta kasa karnuka masu hatsari gida biyu. Rukuni na ɗaya, irin su pitbull marasa takardar asali, an hana saye da sayarwa da kyautar da su. Rukuni na biyu, wanda Rottweiler ke ciki, ana iya riƙonsu, amma tun dokar 2008 sai da lasisi daga magajin gari, bayan mutum ya yi horon awa 7, likita ya auna halin karen, an yi masa allurar hauka, an kuma yi inshora. Yaro da bai kai shekara 18 ba, da wanda aka taɓa yanke wa wasu hukunce-hukunce, ba a ba su. A kan titi kuwa sai da igiya da takunkumi.

INDA ABIN YAKE DA GYARA

Ba zan ce wa mai karatu komai na wannan tsari daidai yake ba. Doka ta tsara takardu da kwanaki, amma hukuncin ƙarshe yana hannun mutum ɗaya ko biyu da suka zauna da kai minti talatin, kuma ɗan Adam ba ya rabuwa da son zuciya. Wanda Faransancinsa bai nuna ba, ko wanda bai san amsar da ake son ji ba, yana iya faɗuwa inda maƙaryaci mai zaƙin baki zai wuce. Ɗan yayata gaskiyarsa ce ta kayar da shi. Da ya ce karen a kan gadonsa zai kwana, wataƙila da an yi masa murmushi.

Haka nan tambayar albashi da ta tsakar gida suna auna arziki fiye da yadda suke auna tausayi. Akwai mai ƙaton fili da zai jefa kare a ciki ya manta da shi, akwai kuma mai ɗaki ɗaya a hawa na biyar da zai fita da nasa sau uku a rana ko ana ƙanƙara. Su kansu Faransawa ƴan asali suna kuka da wannan, tsofaffi suna cewa an hana su saboda shekaru, ɗalibai suna cewa an hana su saboda ba su da aiki. Kuma wanda aka kora ba ya haƙura da kare, intanet yake shiga ya saya wajen wanda ba zai tambaye shi komai ba sai kuɗi, alhali na cikin keji yana nan yana tsufa. Saboda haka ne gidajen riƙo da yawa a Amurka suka rage dogayen sharuɗɗa suka koma ga hira da ba da shawara.

Ko launin fata ya shiga cikin abin da ya sami yaron? Abin da na gani dai shi ne, a gabana aka sallami wasu Turawa biyu mata da miji hannu wofi, don sun ce dukansu suna fita aiki tun bakwai na safe sai bakwai na dare.

"BARI IN SA A KAWO MINI DAGA GIDA"

Wannan ita ce dabarar da ta fara zo masa cikin fushi, kuma na san wasu za su yi tunaninta. Karnukanmu ba abin rainawa ba ne. Dogon karen farautar nan na Buzaye, na yankin Azawak, tun shekarun 1970 aka fara kai shi Turai, kuma can yana da tsada da daraja. Amma shigar da kare Faransa daga ƙasashenmu yana da sharuɗɗa masu tsauri saboda ciwon haukan kare. Sai an saka masa na'urar lamba, an yi masa allurar hauka bayan ya kai mako 12, a jira aƙalla kwana 30 a ɗebi jininsa a auna a ɗakin binciken da Tarayyar Turai ta amince da shi, sa'an nan a ƙara jiran wata 3. A shekarar 2001 aka bayyana Faransa a matsayin ƙasar da ta rabu da wannan ciwo a dabbobin da ke tafiya a ƙasa, kuma ba su manta da abin da ya faru a 2004 ba, lokacin da aka shigo da wani kwikwiyo a ɓoye daga Maroko ya mutu da ciwon a Bordo, aka shiga cigiyar duk wanda ya taɓa shi. Wanda ya ɓoye kwikwiyo a jaka yana iya jawo a kashe dabbar, shi kuma ya gurfana gaban alƙali.

A nan ne kuma maganar ta taɓo mu kai tsaye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutane wajen 59,000 a shekara, kusan dukansu a Afirka da Asiya, kuma kashi 40 cikin ɗari yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunsa sun bayyana, kusan ba mai tashi. Mu ba mu da gidajen riƙo, kwikwiyo kyauta ake ba yaro a kwali, ba mai tambayar ko za a yi masa allura. Amma an gwada a kusa da mu an ga aiki: a Njamena, a shekarun 2012 da 2013, an yi wa fiye da kashi 70 cikin ɗari na karnukan birnin allura, kuma yaɗuwar ciwon ta tsaya na wani lokaci. Mai ba da kwikwiyo ba abin da zai rage shi in ya tambayi mai karɓa ko babansa ya sani, kuma ko za a kai shi ma'aikatar kiwo. Wanda kare ya ciza kuwa, ya wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, ya nufi likita a ranar, kada ya tsaya jiran ya ga abin da zai faru.

UWARGIDA TA SA BAKI

Ashe matar gidan riƙon ta taɓo inda ke ciwo da ta tambayi ko uwargida ta sani. Da maganar ta fito fili, matar ɗan yayata ta ce ita ba za ta zauna da kare a ɗakin da take shimfiɗa dardumar salla ba, kuma ta san in an kawo shi ita za a bar wa wahalarsa, tun da maigidan asuba yake fita. Da ya dawo da kare ranar Asabar ɗin nan, da kafin Asabar ta zagayo an mayar da shi.

Sun kai maganar gaban wani malami ɗan ƙasarmu da ke limanci a garin. Ya tuna musu cewa a mazhabar Malikiyya da muke bi, jikin kare mai rai ba najasa ba ne, kuma an yarda a riƙe shi don farauta da tsaron dabbobi da gona, amma an ƙi a ajiye shi cikin gida haka kawai. Ya ba su labarin da malamai ke bayarwa game da Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, mai littafin Risala da ake karantawa a zaurukanmu, cewa shi kansa ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi. Ya kuma tuna musu hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, da na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha. Ya ce in za su riƙe, su san cinsa da shansa da lafiyarsa suna wuyansu.

Karo na biyu tare suka je, ni ma na bi su. Ita ce ta yi yawancin maganar. Ta faɗa wa matar a fili cewa karen ba zai shiga falo da ɗakunan kwana ba, amma akwai ɗakin wanki da ke haɗe da garejin, mai ɗumi lokacin sanyi, ƙofarsa tana buɗewa tsakar gida. Ta ce ita za ta fita da shi in ta kai yara lakwal, maigidan kuma da yamma. Na zaci za a ce a'a. Sai matar ta yi shiru kaɗan, ta ce akwai wani da take ganin zai dace da su. Ta kai mu can ƙarshen layi wajen wani baƙin kare mai furfura a baki, ɗan shekara 7, wanda ya tashi a gidan gona bai saba da kujera ba, mai shi ya rasu, ya yi wata 10 a keji ba wanda ya tambaye shi saboda kowa kwikwiyo yake so.

Sharaɗi ɗaya aka ƙara musu, su ɗaga shingen baya, kuma wani ɗan sa-kai ya zo ya duba kafin a kawo karen, ya sake dawowa bayan wata guda. Yarjejeniyar ta ce in ya gagare su kada su ba wani, kada su sayar, su mayar da shi gidan. Aikin shingen ya ci wa yaron ranakun hutu biyu da kuɗin da ya fi na karen.

Da na kira su kwanan baya na tambayi labarin mai gadi, uwargidan ta ce, "Kawu, ai ɗanka ya sayi kwado mai ƙarfi ya sa wa motar, yanzu ma cikin gareji take kwana." Karen kuma yana nan, ya yi ƙiba, yara suna rigimar wanda zai riƙe igiya. Haushi dai sau biyu aka ji ya yi tun zuwansa, duka biyun a kan mai kawo wasiƙu.